Wane suna za mu ba AKI da Hausa?

Jama'a, ga wata kalma da ta tsaya mana a wuya: abin da likitoci ke rubutawa AKI, wato acute kidney injury, yanayin da aikin ƙoda ke raguwa kwatsam. Masu fassara wasu suna cewa "gazawar ƙoda", wasu "ciwon ƙoda mai tsanani", a bakin 'yan jinya kuwa sai ka ji "ƙodarsa ta mutu". Duk ukun ba su kwanta mini ba, dalilin kuwa yana cikin tarihin sunan.

A 1941 Eric Bywaters da Desmond Beall suka ba da labarin mutanen da gini ya danne lokacin ruwan bama-bamai a Landan. An zaƙulo su da rai, har ana murna, bayan 'yan kwanaki fitsari ya ɗauke, suka rasu. Shekaru da dama ana kiran irin wannan da sunan da ke nufin ƙoda ta gaza. Amma a wane mataki za a ce ta gaza? Kowane asibiti da nasa ma'aunin, har aka tara ma'anoni fiye da 30, binciken wani bai kwatantuwa da na wani.

Nan ne Ravindra Mehta, likitan ƙoda a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, ya shigo. Shi da Claudio Ronco da Rinaldo Bellomo da John Kellum suna cikin waɗanda suka fitar da ma'aunin RIFLE, mai rarraba matsalar mataki-mataki, a 2004. A 2007 sunan Mehta ne a farkon takardar AKIN, wata ƙungiyar masana kan wannan matsala, wadda ta kafa sabon sunan, wato AKI, da ƙafafunsa. Da gangan suka kauce wa kalmar gazawa, domin sun ga ko ɗan ƙaramin canji a aikin ƙoda yana ƙara haɗarin mutuwa. Wanda ya jira sai ta gaza ya makara.

Ku dubi ma'aunin 2012 na KDIGO, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin kula da ciwon ƙoda, ku ga ƙanƙantar abin. Ana cewa mutum yana da AKI in sinadarin kiriyatinin, dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, ya hau da 0.3 mg/dl cikin awa 48, ko ya kai ninki ɗaya da rabi na yadda yake a da cikin kwana 7, ko fitsari ya kasa kai rabin mililita ga kowane kilo a awa har tsawon awa 6. Mai nauyin kilo 60 ke nan, in duk abin da ya taru a jakar fitsarinsa daga hantsi zuwa la'asar bai kai mililita 180 ba, bai ma cika kofin shayi ba. Yana zaune a gado yana hira da masu dubiya, amma ya riga ya shiga sahu. Wa zai ce ƙodar wannan ta mutu?

To "gazawa" ta fita, "mutuwa" ma balle ita, tunda da yawa ƙodar tana farfaɗowa in an tare abin da wuri: a mayar da ruwan da gudawa da amai suka kwashe, a tsayar da zubar jini, a janye magani irin ibuprofen. A kan wannan Mehta ya jagoranci shirin 0by25 na ƙungiyar likitocin ƙoda ta duniya, wanda burinsa shi ne zuwa 2025 kada a sake rasa rai kan AKI irin wadda za a iya karewa.

"Mai tsanani" kuwa kuskuren fahimta ne. Kalmar acute lokaci take nufi, abin da ya zo cikin awoyi ko kwanaki, saɓanin ciwon da ya haura wata 3. Muna da "farat ɗaya", shi ke nan.

Saura injury. An kawo "rauni", kuma ba laifi, sai dai mai ji zai ɗauka soke mutum aka yi ko ya yi hatsari. "Lahani" yana da ƙamshin abin da ba ya gyaruwa. Ni na fi karkata ga abin da ke bakin mutane tun tuni: "ƙodarsa ta taɓu". Abin da ya taɓu bai lalace ba, amma ba lafiya yake ba, ko kaɗan ne ko da yawa. Na san wani zai ce taɓuwa tana tuna masa taɓin hankali. Ai in aka ambaci ƙoda ruɗanin ya kau.

Shawarata: taɓuwar ƙoda ta farat ɗaya. Ma'aikatan jinya da na sashen wankin ƙoda, ku gwada ta a kan 'yan uwan majinyaci, ku faɗa mana abin da suka fahimta.