Yaro ya kwashe kuɗi a wasan waya: wa ke da laifi?

Baban Sadiq: Salamu alaikum jama'a. Abin da ya samu Maman Ummi, da yaronta ya kwashe mata kuɗi a wasan waya, ba daɗi, amma gaskiya ɗaya ce: duk yaron da ya kashe kuɗi a wasan waya, laifin iyaye ne. Kai ka miƙa masa wayar, kai ka bar katinka a ciki.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam Yaya. Manhajar karatu na saya masa, katin ya maƙale a wayar. Yaro ɗan shekara 9 ya ga hoton lu'ulu'u yana ƙyalli, ya yi ta dannawa. Ina kicin na ji alat na shigowa ɗaya bayan ɗaya. Shi bai ma san kuɗi ne ke fita ba.

Kawu: Baban Sadiq, ka yi saurin yanke hukunci. A 2014 hukumar FTC ta Amurka, mai kare haƙƙin masu saye, ta sa kamfanin Apple ya mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5. A lokacin, da uba ya shigar da lambar sirri sau ɗaya, ƙofar sayayya na zama a buɗe minti 15, ba wanda ya gaya masa. Google ma ya biya miliyan 19 a shekarar. A 2022 Epic Games, masu wasan Fortnite, suka amince da mayar da miliyan 245 saboda maɓallan da ke ruɗar mutane su saya ba da niyya ba. Da gangan ake tsara su haka.

Baban Sadiq: To Kawu, ƙa'idar Facebook ta cewa sai an kai shekara 13 kafin a buɗe asusu fa? Wa ke zama ya buɗe wa yaro Facebook ya ƙara masa shekaru? Mu iyaye.

Anti Malama: Wannan kam ka faɗi gaskiya, ina ganin ɗalibaina 'yan aji huɗu na firamare da asusunsu. Sai dai Ostiraliya da ta haramta wa 'yan ƙasa da 16 shafukan sada zumunta daga Disamba 2025, kamfanoni ta ɗora wa tara, iyaye ba su cikin hukuncin. Uwa na da ido biyu ne kawai, kamfani kuwa yana da ma'aikatan da aikinsu ke nan, su sa yatsan yaro ya danna.

Baban Sadiq: Ni dai ba na sakin wayata da kati a ciki.

Maman Ummi: Kawu, a ina ake saita ta riƙa neman lambar sirri a kowane saye?

Kawu: Ki shiga saitin Play Store, wurin tabbatar da saye, ki zaɓi kowane lokaci. Ki cire katin ma tukuna, sannan ki tura wa Google, masu Play Store, buƙatar a mayar miki da kuɗinki yau, kar ki bari ya kwana.