Me ya sa ake raina The Exorcist a kallon farko, daga baya a dawo ana yabonsa?

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga manyanmu da suka san harkar fim. Duk inda ake lissafa finafinan ban tsoro, The Exorcist na 1973 ake sawa a gaba, har ana cewa mutane sun suma a silima a Amurka. Amma matasa da yawa a nan Jos in sun kalle shi karon farko sai su ce babu komai a ciki sai surutu da zuwa asibiti, wasu ma dariya suke yi lokacin da kan yarinyar da aljani ya shiga jikinta ya juya. Bayan wasu shekaru kuma in sun sake kallo sai magana ta canza. Me ke kawo haka? Sannan wane kwafi ya kamata a nema, tunda na ga iri biyu ne?

Mai Haɗa Sauti:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Kafin a ɗora wa fim ɗin laifi, a fara tambayar da me aka kalle shi. Yawanci kwafin da masu tura finafinai a waya suke bayarwa an matse shi ne ya koma MB 300 ko 400, kuma abu biyu matsi yake fara cinyewa: duhu da ƙananan sautuka. Su kuwa su ne jarin wannan fim. A kyaututtukan Oscar an sa shi a rukuni 10, ya ci 2, ɗaya na rubutu, ɗaya na sauti.

Muryar aljanin ba ta yarinyar ba ce, ta wata dattijuwar 'yar wasan rediyo ce, Mercedes McCambridge, wadda ta riƙa shan ɗanyen ƙwai da taba don muryarta ta dushe, har ɗaure ta aka yi a kujera lokacin ɗauka. A ƙarƙashin wasu wuraren an binne kukan ƙudan zuma da ihun aladu, ba don ka gane su ba, don dai jikinka ya ƙi natsuwa. Ƙarar juyawar kan nan kuwa tsohon walat na fata aka murɗa a gaban makirfo. Sifikar waya ba ta fitar da ko rabin wannan. In kuma kwafi ne da aka ɗora masa fassarar murya, an riga an danne sautin asali, shirun da darakta ya ajiye da gangan an cika shi da magana.

Ga yadda za a yi masa adalci. A nemi kwafi mai nauyi, daga GB 2 zuwa sama. A kalla da dare, a kashe fitila, a sa abin sauraro mai rufe kunne, musamman in janareto na aiki a tsakar gida. A talabijin a kashe abin da ke sulɓar da motsi: Samsung na kiransa Auto Motion Plus, LG TruMotion, Sony Motionflow. An ɗauki fim ɗin a hoto 24 cikin daƙiƙa, wannan saitin kuma ƙirƙiro hotuna yake yi ya cusa a tsakani, sai kwalliyar fuska ta fito kamar roba. Kada a ƙara haske don a ga kusurwar ɗakin. Ba a so a gan ta.

Malama ta Rikkos:
Yaya ya gama da na'ura, bari in taɓa ɓangaren mai kallo. Wanda ya taso da finafinan yanzu an saba masa da razana kowane minti goma: shiru, ƙofa ta buɗe, ƙara ta tashi. Daraktan fim ɗin, William Friedkin, bai gina nasa haka ba. Fim ɗin minti 122 ne, kusan minti goma na farko a arewacin Iraƙi suke, a kufan Hatra, inda wani tsohon Fada yake tonon kayan tarihi. Cire aljanin da aka sa wa fim ɗin suna ba ya farawa sai a minti ashirin da 'yan kai na ƙarshe. Duk abin da ke tsakani, uwa ce take yawo da 'yarta mai shekara 12 daga likita zuwa likita a Washington.

Ga kuma abin da ya shafe mu. Ba'amurken 1973 shafar aljanu baƙon abu ne a wurinsa, shi ya sa ya gigice. Mu kuwa, Musulminmu da Kiristanmu a garin nan, wa bai taɓa jin an ce aljanu sun buge wata ba? Mun san ruƙiyya, mun san addu'ar coci, mun san canjin murya. Saboda haka matashinmu yana kallo yana cewa: wannan uwa me take jira, ba ta ga alama ba? Sai ya ƙosa. Bai lura cewa jinkirin shi ne labarin ba: mace ce da ba ta riƙe da addini, ba ta da wanda za ta kira, sai da likitoci suka gaza sannan su da kansu suka kawo mata shawarar neman malamin addini. Fada Karras ɗin da ta samu kuma likitan ƙwaƙwalwa ne da imaninsa ya raunana, ga nadamar barin mahaifiyarsa ta mutu ita kaɗai tana cin sa.

A nan ra'ayi yake juyawa. Mai shekara 18 yarinyar da ke kan gado yake kallo. Wanda ya haihu, ko ya taɓa kwana a benci a asibiti yana jiran sakamakon gwaji, uwar yake kallo. A duba wurin da ake soka wa yarinyar allura a wuya don hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa, jini na tsartuwa, injin na buga ƙara, uwar na tsaye bayan gilashi. Babu aljani ko ɗaya a wurin, amma yana cikin wuraren da suka fi tayar wa masu kallo hankali a wancan lokacin.

Baba na Bukur:
Malama ta yi gaskiya, sai dai kada mu mayar da shi kamar duk wanda bai yaba ba bai fahimta ba. Tun fitowarsa ranar 26 ga Disamba 1973 masana suka rabu: Roger Ebert ya ba shi taurari huɗu, Pauline Kael da Vincent Canby suka soke shi. A Birtaniya sai 1999 aka sake halatta shi a bidiyon gida. A 2010 ne Amurka ta sa shi cikin kundin finafinan da take adanawa. Kuma akwai abin da ya tsufa. Juyawar kan 'yar tsana ce, a hoto mai tsabta ana ganewa, wanda ya yi dariya bai yi laifi ba. Aman nan kore miyar wake ce da aka turo ta bututu.

Abin da bai tsufa ba shi ne abin da aka yi da gaske. Ɗakin yarinyar sanyaya shi aka yi da manyan na'urori har ƙasa da sifili, don tururin baki ya fito, kuma fitilun ɗauka suna ɗumama ɗakin, don haka 'yan mintoci kawai ake aiki a tsaya. Mutumin Jos da ya san asubahin Janairu ya san wannan tururin ba na ƙarya ba ne. Max von Sydow da ya fito a tsohon Fadan nan, tsoho tukuf, bai kai shekara 45 ba, aikin kwalliyar Dick Smith ne, kuma har yau da wuya ka gano.

Batun kwafi, ɗana, fara da na 1973. Na shekarar 2000 an ƙara masa kusan minti goma, ciki har da saukowar yarinyar daga bene a bayan-baya kamar gizo-gizo, da fuskar aljani da aka liƙa da kwamfuta a wasu wurare. A na asali farar fuskar nan walƙiya take yi ta ɓace, kana shakkar ko ka gan ta. A ganina ƙarin ya tona abin da ya kamata ya zauna a ɓoye, ya kuma kawo tashin hankali tun lokacinsa bai yi ba.

Ɗan Gangare:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Baba, ana iya kallonsa da iyali a falo?

Baba na Bukur:
A'a, sam. Akwai ashariya mai nauyi daga bakin yarinyar, akwai kuma wurin da aka wulaƙanta gicciye ta hanyar da za ta sosa ran Kirista, Musulmi ma ba zai so gani ba. Ka kuma sani da kiran sallah fim ɗin yake buɗewa, don nuna cewa a Iraƙi ake, gunkin da za ka gani bayansa na tsofaffin mutanen Mesofotamiya ne tun kafin Musulunci. Ga abin da za ka iya gwadawa: ka kalle shi sau ɗaya ba tsayawa, ba duba waya. Bayan wata guda ka sake, wannan karon ka bar yarinyar, ka bi fuskar uwar da ta Fada Karras tun daga farko.