Me za mu kira "blended learning" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan "karatun sirki"

1/ Assalamu alaikum jama'a. Ƙanina yana karatun digiri, amma rabin shekara a ƙauyenmu yake yin ta. Ranar nan Baba ya tsare shi da tambaya: "Wai kai ɗan makaranta ne ko ɗan zaman gida?" Yaro ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya rasa kalma, ya ce sunan abin "blended learning". Baba ya kawar da kai. Tun ranar nake neman sunan da dattijo zai ji ya gane ba sai an yi masa tafinta ba.

2/ Abin da ake nufi shi ne a raba kwas gida biyu. Wani kaso a aji, gaban malami, wani kaso ta waya ko kwamfuta, ɗalibi yana inda yake. Kuma an tsara su ne don kowanne ya cike giɓin ɗan'uwansa.

3/ Na fara da "karatu daga nesa", sai na ga yana da masu shi. Shi ne aikin Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tun 1976, shi ne kuma na buɗaɗɗiyar jami'ar Nijeriya, wato NOUN, da aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002. Can nisan ne ginshiƙi, zuwa cibiya taimako ne. A namu kuwa aji yana da kasonsa na dole.

4/ "Haɗaɗɗen karatu" ya zo kusa, amma yaran yanzu in sun ce abu haɗaɗɗe ne yabo suke yi. "Gamin gambiza" kushe ne. "Jeka-ka-dawo" kuma tuni makarantun da ba na kwana ba suka ɗauke.

5/ A gidanmu na samo kalmar. Da sanyin asuba Inna takan sauke tukunyar ruwan zafi, ta juye a bokiti, ta riƙa zuba na randa kaɗan-kaɗan tana tsoma hannu. Ba ta da ma'aunin da ta haddace. Na jariri daban, na Baba daban, na lokacin hunturu daban da na bazara. Wannan shi ne sirka ruwa. Haka in gida ya gaji da tuwo kullum akan ce a riƙa sirkawa da shinkafa. Kun ga kalmar ta ɗauko abu biyu lokaci guda: haɗawa da gwargwado, da kuma yin wannan yau, wancan gobe. Duka biyun suna cikin tsarin nan. Don haka na ce karatun sirki.

6/ Abin da ya fi jan hankalina shi ne tsoma hannun nan, domin na ga amfanin tsarin da idona. Da damina ƙanina yana gona da safe, da dare ya sa abin kunne ya saurari lakca, inda bai gane ba ya mayar baya har sau uku, abin da ba zai iya roƙon malami a ajin mutum ɗari biyu ba. Kuɗin mota ya ragu, hawa hanyar da kowa ya san halinta ya ragu. Akwai 'yar ajinsu mai goyo, da ba don wannan tsari ba da tuni ta ajiye karatun.

7/ Na kuma ga inda ruwan ya ƙona. An sa musu gwaji ta intanet, minti talatin, agogo yana tafiya. A garinmu sabis sai an hau tudun bayan makarantar firamare. Ya kai wayarsa wurin mai caji tun safe, ya sayi data, ya hau tudu. Yana tambaya ta bakwai sabis ya ɗauke, bai dawo ba sai bayan la'asar. Aka rubuta masa sifili, ya rubuta takardar koke, har yau shiru. Wanda ya tsara gwajin nan da ɗalibin cikin birni ya auna kowa.

8/ Kuma ba shi kaɗai ba ne. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ɗalibin da rabin karatunsa ke cikin waya, ina zai sa kansa? A farkon 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Irin wannan ɗalibi sai an ƙara masa kason aji, an ba shi handawut a takarda da sauti mara nauyi da zai sauke sau ɗaya ta WhatsApp, an bar bidiyon kai tsaye ga masu wuta da sabis. Firaktikal kuwa ba ya sirkuwa, sai a ɗakin gwaji.

9/ Na san za a ce wasu "surki" suke cewa, kuma kunne zai iya jin "suruki". Gaskiya ne, shi ya sa na zaɓi rubuta shi da "i". Ko a baki ma "karatun" da ke gabansa ya isa ya raba gardama.

10/ Na gwada shi a jimla, ya zauna: "Jami'armu ta koma karatun sirki." "Wannan kwas ɗin sirki ne, sati biyu a aji, sati huɗu a gida." "Malam ya sirka mana da yawa, ya kamata a ƙara aji." Jiya na faɗa wa Baba, bai nemi ƙarin bayani ba, tambayarsa ɗaya: wane wata ne na zuwa makarantar, don ya tanadi kuɗin mota.

11/ Malamaina na sassan Hausa a Bayero da Zariya da Sakkwato, ku duba mini ko akwai inda ya karkace. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, "sirka" kuke cewa ko "surka"?