Littafin da aka mayar mini: muhawarar zauren iyaye

Maman Hanifa: Salamu alaikum. Yau raina a ɓace yake. Wata uku na yi ina haɗa ɗan littafi kan jinin al'ada, Hausa a shafin dama, Turanci a hagu, don yarinya ta karanta tare da uwarta. Burina a raba shi ranar 28 ga Mayu, ranar tsaftar al'ada ta duniya. Shugaban makarantarmu ya mayar mini, wai 'yan aji biyar sun yi ƙanana. Alhali bara wata 'yar shekara 11 ta ga jini a aji, ta ɓuya a banɗaki har aka tashi, tana kuka ta ɗauka mutuwa za ta yi. Don Allah laifi na yi?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Malama, "al'ada" kika rubuta? Haila ake cewa. Al'ada ai su kamu da lefe ke nan.

Anti Nas: Baban Khalifa, shekaruna a asibiti ba na tuna matar da ta ce mini "haila". Al'ada suke cewa, ko "ina fashin salla", wasu su ce baƙon wata ya zo.

Baban Khalifa: Kunya ce ta sa suke kewaye-kewaye. Duk wanda ya yi Ahalari ya wuce babin haila: mai farawa iyakarta kwana 15, abin da ya ɗara jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi salla. Wace kalma yarinya za ta kai wa malaminta?

Anti Nas: Wace kuma za ta kawo mini in jini ya ƙi tsayawa? Ka taɓa sayo wa 'yarka audugar mata?

Baban Khalifa: Ki bar iyalina a gefe.

Hajiya Inna: Ku yi haƙuri 'ya'yana. Mu ƙunzugu aka miƙa mana, aka ce kar namiji ya taɓa ki, shi ke nan karatun. Ni dai boko ba na iya shi sosai, jikata ke rubuta mini wannan. Da ajami kika sa, Malama, da na karanta mata da kaina.

Ɗan Damagaram: Turancin fa? Mu nan Faransanci ake koyarwa. Kanawa kun ɗauka Hausa a Kano ta tsaya.

Bakano: Wa ya ce Malama Bakanuwa ce? Daidaitacciyar Hausa dai kowa ya san inda aka ɗauko ta.

Ɗan Damagaram: Ka zo Maraɗi ka faɗi haka.

Anti Nas: Maza sun mamaye zancen da ba jikinsu ba.

Admin: To, a tsaya nan. Abin da aka cim ma: mafi yawa sun yarda "haila" ce kalmar ilimi, don ita ke cikin littattafan malamanmu. Masu "al'ada" ba su kawo hujja ba sai labarin asibiti. Malama ta gyara kalmar. Zancen Kano da Damagaram an rufe.

Anti Nas: Mafi yawa? Mutum ɗaya ne ya faɗa, kuma surukinka ne.

Maman Hanifa: Kalmomin biyu duk suna shafi na 2, gefe da gefe. Inna, zan nemi mai rubuta ajamin, na gode. Amma wa zai raka ni wajen shugaban makaranta ranar Litinin?