Da me zan tace muryar karatun Malam, kuma ina zan adana shi?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ni nake ɗaukar tafsiri da waya a masallacin layinmu. Na bara duk ya warwatse a WhatsApp, yanzu in dattijo ya ce a turo masa zaman Suratul Kahfi sai in yi ta lalube. Ga ƙarar janareta da hon ɗin Keke Napep a bayan muryar Malam. Azumi ya ƙarato, don Allah a ba ni shawara.

Injiniyan Kakuri:
Wa alaikumus salam. Sauke Audacity, manhajar gyaran sauti, a kwamfuta, kyauta ce. Kafin Malam ya buɗe da addu'a, bar wayar ta ɗauki sakan biyar na ƙarar janareta zalla. Wannan guntun za ka nuna mata a wurin rage hayaniya, sai ta bi karatun duka ta tsince irinta. Kada ka matsa da yawa, muryar za ta koma kamar daga cikin randa. Hon kuwa sai haƙuri, ba ya fita. Fitar da karatun a MP3, a saitin inganci na 64kbps, zaman awa guda bai wuce MB 30 ba, wata guda bai kai GB 1 ba.

Gwaggo ta Unguwar Rimi:
Ɗana, tace murya mai sauƙi ne, sunan fayil shi ne aikin. Ni ke kula da na Islamiyyarmu ta matan aure. Kowane zama, a daren nan kafin ka kwanta, sa masa shekara, wata, rana, sura da aya: 1446-Ramadan-16-Kahfi-1-31. Buɗe tasha a Telegram, wanda ya shigo yau zai ga na farko, saɓanin zauren WhatsApp da ke dogara da wayar kowa. Ajiye kwafi a Google Drive, amma ka sani GB 15 ɗin da suke bayarwa kyauta har da Gmail da hotunanka a ciki. Kuma a buɗe asusun da sunan masallaci, liman ko wani a kwamiti ya riƙe kalmar sirrin.

Mai Bidiyo, Kawo:
Ni dai YouTube. Sai ka ɗora hoto a kan muryar da CapCut, manhajar haɗa bidiyo, don YouTube ba ya karɓar sauti zalla, ka kuma tabbatar da lambar waya in zai wuce minti 15.

Ɗan Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri. Gwaggo, dattawanmu WhatsApp kawai suka iya, to zan riƙa tura musu can, Telegram ta zama rumbu. Injiniya, tsohuwar kwamfuta mai RAM 4GB za ta ɗauki Audacity?

Injiniyan Kakuri:
Za ta ɗauka. Amma matso da wayar kusa da bakin Malam tukuna, ba kusa da lasifika ba.