An kwaikwayi buhun shinkafarmu, wane irin lauya za mu nema?

Ɗan Auyo:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta masu casar shinkafa ce a yankin Auyo, muna zubawa a buhu mai kilo 25 da mai kilo 50, da sunanmu da hoton gauraka a jiki. Wata biyu ke nan ana ganin wani buhu a kasuwar Gujungu, kala ɗaya da namu, gaurakar ma tana nan, harafi ɗaya kawai suka canza a sunan. Shinkafar ciki duk tsakuwa, 'yan sari sun fara kawo mana ƙorafi. Muna da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Ta isa mu kai ƙara? Kuma lauyan da ke yi mana takardun fili a Hadejia zai iya, ko sai mun nemi ofishin lauyoyi a Kano?

Lauyan Kasuwanci:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya kiyaye gaba. Takardar CAC sunan da kuke kasuwanci da shi ta yi wa rajista, ba ta ba ku mallakar tambarin da ke jikin buhu ba. Wannan aikin wani ofis ne daban a Abuja, ofishin rajistar alamomin kasuwanci, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Sashe na 3 na dokar alamomin kasuwanci ya hana wanda bai yi rajista ba kai ƙarar keta alama. Ƙofar da ta rage muku ita ce ƙarar sojan gona, wato wani yana sayar da kayansa kamar naku ne. A can sai kun kawo shaida cewa kasuwa ta san ku da wannan buhun, mutane sun ruɗe, kuma kun yi asara. Aiki ne ja.

Saboda haka ku fara shigar da rajista a wannan makon, kafin su riga ku. Ana soma wa da bincike a kundin ofishin, a ga ko wani ya riga ya ɗauki suna mai kama da naku. Sai a shigar da takarda a rukunin da ya dace. Rukunai 45 ne, shinkafar da aka casa tana rukuni na 30, shanshera tana 31, man gyaɗa 29, kuma kowane rukuni da kuɗinsa. Za a ba ku takardar karɓa, bayan an duba a ba ku ta amincewa, sannan a buga alamar a mujallar ofishin. Daga ranar bugawa, duk mai ja yana da wata 2 ya shigar da ƙorafi. In ba wanda ya fito, a ba ku satifiket. Yana aiki shekara 7, daga nan ana sabuntawa duk shekara 14. Jiran mujallar ne ke cin lokaci, yakan wuce shekara, amma in satifiket ya fito, lissafi daga ranar da kuka shigar yake farawa.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne sunan. In sunanku na gari ne tsurarsa, ko kalmar yabo irin "mai kyau" ko "tsabtatacciya", da wuya a amince, don ba za a hana sauran masu injin Hadejia ambaton Hadejia ba. Gaurakar da yadda aka zana ta su ne ƙarfinku. Ku shigar da hoton baƙi da fari ba tare da kun ƙayyade kala ba, sai rajistar ta hau kowace kala.

Hajiya Mai Lissafi:
Barista ya gama magana kan rajista, ni kan zaɓen lauya zan tsaya. Ba garin da ofishinsa yake ba ne abin dubawa, tunda yanzu ta intanet ake shigarwa. Tambaya uku za ku yi masa: shi wakili ne da ofishin rajistar ya tantance, ko ta hannun wani zai bi? Zai nuna muku takardar amincewa ko satifiket da ya taɓa karɓo wa wani? Kuma zai raba muku kuɗin gwamnati da ladan aikinsa a rubuce? Lauyan fili in mai gaskiya ne zai ce muku ba fanninsa ba ne, ya haɗa ku da ofishin da ke yi a Kano, ba laifi a wannan.

Ku karanta takardar wakilci kafin ku sa hannu. A gurbin mai alama, sunan ƙungiya za a rubuta kamar yadda yake a takardar rajistarta, ba sunan shugaba ba, balle na ejan. In da sunan shugaba aka yi, ranar da ya sauka ko ya rasu, shi ko magadansa ne za su ce tambarin nasu ne. Kuma NAFDAC ma takan nemi shaidar rajistar alama kafin ta ba da lamba, don haka kuɗin ba asara ba ne.

Mai Buga Buhu, Fagge:
Ku yi haƙuri in sa baki. Wa ya zana muku gaurakar? Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 mai zane take bai wa haƙƙin zanensa tun farko, sai in an yi yarjejeniya, kuma miƙa haƙƙin sai a rubuce. Biyan kuɗin aiki kaɗai ba ya wadatarwa. Ku koma wurinsa ya sa hannu a takarda ɗaya cewa ya mallaka wa ƙungiya. Sannan ku tambayi inda ake buga muku buhu ina farantin bugun yake. Sau da yawa ɓarawon a cikin gida yake: an ba da odar buhu 5,000, an buga 6,000, rarar ta fita ta bayan fage. Wasu kuma tsofaffin buhunanku suke saye su sake cikawa. Ku juya bakin buhun jabun ku duba, in akwai hujin tsohon ɗinki a ƙasan sabon zare, buhunku ne aka sake ɗurawa.

Lauyan Kasuwanci:
Wannan gaskiya ne. Kuma kada ku je Gujungu da matasa ku kwashe kayan mutane, sai ku koma ku ne masu laifi. Ku tura wanda ba a sani ba ya sayi buhu biyu, ya karɓi rasit mai kwanan wata, ya ɗauki hoton rumfar. Ɗaya ku bar shi a ɗinke. Ku tattaro tsofaffin rasit ɗin buga buhu da littafin ciniki tun shekarar da kuka fara, domin ko da sun riga ku rajista, sashe na 7 ya kare wanda ya riga amfani da alama ba yankewa. Wasiƙar gargaɗi takan kashe magana da ƙaramin ɗan kasuwa, amma in mai babban sito ne, wasiƙar za ta sa ya ɓoye kaya, gara lauya ya fara neman umarnin kotu na shiga a ƙwace shaida. Shari'ar alama ta Babbar Kotun Tarayya ce bisa sashe na 251 na tsarin mulki, akwai ta a Dutse da Kano. Kan alamar da ba ta da rajista kuwa, an sha jayayya har Kotun Ƙoli a kan wace kotu ce ke da hurumi. Ku tambayi lauyan wannan, amsarsa za ta nuna muku ko ya san aikin.

Ɗan Auyo:
Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Akwai dillalan da ke ɗaukar kayanmu ta Maigatari zuwa Damagaram. Rajistar za ta kare mu a can?

Hajiya Mai Lissafi:
A'a, Malam, iyakarta Najeriya. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar ƙasashe 17 mai rajistar alamomin kasuwanci, hedikwatarta a Yawunde, kuma Najeriya ba ta ciki. Rajista ɗaya a can tana hawa ƙasashen duka, har Chadi da Kamaru, shekara 10 ana sabuntawa. Lauyanku zai bi ta hannun wakilin da OAPI ta amince da shi. Ku fara gama ta gida, amma kada ku bar dillalin Damagaram ya shigar da ta can da sunansa.