Me za mu kira "log" na suwic da Hausa?

Salamu alaikum 'yan'uwa masu haɗa intanet a unguwannin Nima da Mamobi na Accra. Yaran da muke koya wa aiki sukan tsaya cak in an zo kan "log" na suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci da juna ta waya), musamman wajen saita inda za a riƙa tura shi. Ya kamata mu tsayar da kalma ɗaya.

Wasu sun ce "rahoto". Ban gamsu ba. Rahoto mutum ne ke tsara shi bayan abu ya wuce, wannan kuwa na'ura ce ke rubutawa layi-layi a daidai lokacin da abin ke faruwa: an zare waya, wani ya shiga da kalmar sirri, fanka ta tsaya. "Rajista" ta fi kusa, sai dai kunnen Bahaushe zai tafi ga rajistar makaranta ko ta zaɓe. Ni "kundin aukuwa" na zaɓa, kowane layi kuma "saƙon aukuwa".

Akwai dalilin raba su biyu. Suwic kan tara saƙonnin a 'yar ƙwaƙwalwarsa. In ta cika, sabo ya ture tsoho, in dumsor ya ɗauke wuta, duk sun shafe, kuma a irin wannan ranar ce mai ofis zai tambaye ka abin da ya faru. Shi ya sa ake ba shi adireshin wata kwamfuta da zai riƙa aika wa ta tsarin tura irin waɗannan saƙonni da ake kira syslog, galibi ta UDP (wata hanyar aika bayanai tsakanin na'urori), ta ƙofa (port) mai lamba 514. A na'urorin kamfanin Cisco, umarnin "logging host" ake rubutawa, sai adireshin IP. Wannan kwamfutar nake so mu kira "magatakarda", don aikinta ke nan: ta karɓa, ta rubuta, ta adana.

Saƙonnin suna da daraja takwas, daga 0 zuwa 7, mu ce musu "matakan tsanani". A 0 na'ura ta durƙushe, 7 kuwa bin ƙwaƙƙwafi ne na masu gyara. Ka zaɓi 4, suwic zai tura daga 0 zuwa 4 kawai. A daidaita agogonsa da NTP, wato tsarin daidaita agogo ta intanet, tukuna, in ba haka ba lokutan da ke kundin ba za su amfane ka ba.

Ga yadda zan faɗa wa yaro: "Saita suwic ya tura saƙonnin aukuwa ga magatakarda, a mataki na 4."

Malaman Kumasi, ku na Aboabo da Asawase, haka ya zauna a bakinku, ko kuna da wadda kuka riga kuka saba da ita?